Laka ta riƙe ni har cinya a bakin kogi, ina neman bayanin masu sani

Ɗan Gwammaja ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Mu kimanin 12 ne muke fita tattaki kowace Asabar bayan sallar asuba. Da farko Dutsen Dala da Goron Dutse kaɗai muke hawa, amma da ƙafa ta saba sai muka fara fita bayan gari. Makonni uku da suka wuce, bayan ɗaukewar ruwan sama da kamar wata guda, muka gangara kogi ta wajen Tamburawa, muka bi yashi muna tafe ana hira, har muka iso inda wani ɗan rafi yake shigowa cikin kogin.

Wurin a bushe yake a ido, ƙasar ta tsattsage kamar dunduniya mai faso, har da sawun tsuntsaye a kai. Ni ne a gaba. Na yi taku biyu lafiya, a na uku ɓawon ya burma, ƙafata ta dama ta zurma har gwiwa. Da na dogara a kan ta hagu domin in zaro ta, ita ma sai ta tafi, kuma kafin in gama mutsu-mutsu laka ta kai mini cinya, ga jaka a bayana da ruwan sha lita 3 a ciki. Abokaina biyu suka tsaya a kan yashi suka kama hannuwana suna ja da iyakar ƙarfinsu, na ji kamar za a cire mini ƙugu, amma ko motsi ƙafafun ba su yi ba.

Wani dattijo da ke gyaran fili domin noman rani a gaɓar kogin shi ne ya hango mu. Ya zo da damin karan dawa biyu da bokiti, ya daka wa masu ja na tsawa, ya sa na cire jakar, ya shimfiɗa karan a bayana ya ce in kwanta rigingine a kai. Daga nan ya riƙa zuba ruwa a gefen ƙafata yana cewa in juya ta a hankali. Mun ɗauki kusan minti 40 kafin na fita, takalmi ɗaya kuma yana can har yau. Saboda ruɗewa, godiya kawai na yi masa, ban tambaye shi dalilin ko ɗaya daga cikin abubuwan da ya yi ba.

Tambayata ita ce, shin wannan shi ne yashin da muke gani a fina-finan Turawa yana haɗiye mutum ɗungurungum, kuma da dattijon bai zo ba, da na nutse gaba ɗaya ke nan? Sannan ta yaya ake gane irin wannan wuri tun daga nesa? Ina tambaya ne domin muna shirin zuwa bakin madatsar Tiga a wata mai zuwa, kuma har yanzu gwiwata ta dama tana yi mini ciwo.

Manomin Kura ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ƙara kiyayewa. Na fi shekara 30 ina noman rani, kuma abin da dattijon nan ya yi maka shi ne abin da muka tashi muka ga iyayenmu suna yi wa mutum da saniya.

Da farko ka sani cewa ba kowane jiƙaƙƙen wuri ne iri ɗaya ba. Taɓon fadamar shinkafa, irin wanda muke shiga kullum a Kura da Kadawa, yana da ƙasa mai tauri a ƙarƙashinsa. Zai kai ka ƙwauri ko gwiwa, ya ci maka silifa, amma ƙafarka za ta taka wani abu ta tsaya. Wanda ka faɗa ciki daban ne. Laka ce mai laushi da ruwan damina ya ɗebo ya zube a inda gudunsa ya ragu, kuma mahaɗar rafi da kogi tana daga cikin wuraren da ta fi taruwa. Idan kaka ta shiga, rana da iska sukan busar da samanta kamar kaurin tafin hannu, alhali ƙasanta yana nan kamar kunu har cikin rani. Wannan tsagewar da ka gani ka ɗauka alamar bushewa ce, a wurinmu alamar laka ce, domin yashi zalla ba ya tsagewa haka. Sawun tsuntsu kuwa ba shaida ba ne, tunda belbela ba ta kai nauyin ruwan da ka goyo ba. Sawun shanu ake nema, kuma sabo, mai shiga da fita ta ɗaya gefen.

Akwai na uku, wanda shi ne yashi na gaske. Kogunanmu irin su Challawa da kogin Kano ko sun janye da rani, ruwa yana nan kwance a ƙarƙashin yashinsu, shi ya sa ake tona ɗan rami a tsakiyar kogi a sami ruwa. A wasu wurare ruwan nan yana tasowa ne daga ƙasa zuwa sama, sai yashin ya zama ba ya ɗaukar nauyi. Za ka gan shi sumul yana sheƙi, babu ko tsakuwa a kai, idan ka buga ƙafa a gefensa sai ka ga faɗin wurin yana rawa, ruwa yana tsattsafowa a cikin sawunka. Duk inda ka taka ka ga ƙasa ta girgiza a gabanka, koma da baya ta kan sawunka, kada ka tsaya kallo, domin tsayuwa wuri ɗaya ita ce take ba shi damar kama ka.

Game da kwanciya a kan kara, hikimar a fili take. Mutum a tsaye turke ne, duk nauyinsa yana kan tafin ƙafa biyu. Idan ya kwanta ya zama tabarma. Ba lallai sai kara ba: zana, ƙyauren langa-langa, katako, tsani, ko sanda mai kauri da za ka sa a ƙarƙashin ƙugunka, duk suna yi. Shi ma mai ceto a kan irin wannan shimfiɗa zai rarrafo, ba da ƙafa zai tako ba, in ba haka ba a sami mutum biyu a ciki. Idan saniya ta kafe, ba ma ɗaura mata igiya a wuya mu ja. Mukan tone lakar da ke gefen ƙafafunta, mu kunna injin ban-ruwa, mu cusa bakin mesa can ƙasa kusa da kofato, sai ruwan ya saki lakar, sannan a zagaya mata igiya mai faɗi ta ƙirji a mirgino ta kan kara. Bokitin dattijon nan aikin injin ya yi maka, sai dai a hankali.

Malamin Kimiyya ya amsa:

Allah ya saka wa Baba da alheri, domin ya faɗi abin da littafi ya faɗa, har ya ƙara da abin da littafi bai sani ba game da kogunanmu. Ni zan tsaya a kan tambayarka ta farko, wato ko da ka nutse gaba ɗaya.

Lita guda ta ruwa nauyinta kilo 1 ne, kuma jikin ɗan Adam kusan haka yake idan aka auna shi lita-lita, shi ya sa wanda ya iya sakin jiki yake yin yawo a saman ruwa. Cakuɗin yashi da laka da ruwa kuwa, lita gudansa tana kusan kilo 2. Abu ba ya nutsewa gaba ɗaya a cikin abin da ya ninka shi nauyi, sai dai ya shiga rabi ya tsaya. A shekarar 2005, Daniel Bonn na Jami'ar Amsterdam da abokan aikinsa sun wallafa wani bincike a mujallar Nature, bayan sun yi nazarin irin wannan yashi daga yankin wani tafkin gishiri da ke kusa da birnin Ƙum a Iran. Abin da suka tabbatar shi ne, abu mai nauyi irin na jikin mutum yakan nutse ne zuwa kusan rabinsa, wato wajen ƙugu, ba ya wucewa. Saboda haka abin da fina-finai suke nunawa, hannu yana ɗagawa har ya ɓace hula ta rage a sama, ƙirƙira ce.

Amma binciken nan ya fito da wani abu da ya fi dacewa da ciwon gwiwarka. Kafin a taka shi, yashin yana tsaye ne a sake, ruwa ya cika tsakanin ƙwayoyinsa, ɗan yumɓu yana riƙe da su. Da ka taka sai ginin ya rushe ya zama ruwa-ruwa, ka zurma. Bayan ɗan lokaci kaɗan yashin yakan kwanta ya cushe a jikin ƙafarka, ruwan ya koma sama. Idan ana son zaro ƙafar, dole wani abu ya shiga ya cike gurbin da za ta bari, kuma tunda cusasshen yashin ba ya barin ruwa ya wuce da sauri, sai wurin ya tsotse ƙafar. Sun ƙiyasta cewa zaro ƙafa da saurin santimita 1 a daƙiƙa guda yana buƙatar ƙarfi kwatankwacin na ɗaga matsakaiciyar mota. Abokanka biyu ba za su iya wannan ba, kuma gara da ba su iya ba, domin gaɓoɓinka ne za su ba da kai kafin lakar. Wannan ne dalilin da ya sa ɗaura wa mutum igiya a ja shi da mota ko babur ya zama ganganci. Juya ƙafa a hankali yana buɗe 'yar hanya a gefenta, ruwa ya gangara ya sassauta yashin. Masu aikin ceto a gaɓar tekun Ingila ma dogon bututu suke cusawa gefen ƙafar wanda ya kafe su tura ruwa ko iska, wato dai mesar Baba da wani suna.

To me yake kashe mutane? Abin da yake riskarsu suna kafe. A watan Mayu na 2023, wani saurayi ɗan shekara 20 ya kafe har ƙugu a lakar wani mashigin teku kusa da birnin Ankorej a jihar Alaska ta Amurka, ana ƙoƙarin ciro shi ruwan teku ya dawo ya rufe shi. A watan Fabrairun 2019, wani mai tattaki ya kafe da ƙafa ɗaya kawai a gandun dajin Zayon da ke jihar Yuta ta Amurka, ya kasance a wurin tun da rana har cikin dare a cikin ƙanƙara, kuma sanyi ne ya kusa halaka shi kafin a cece shi. Mu ba mu da teku a Kano, amma muna da kogi da kan cika cikin ɗan lokaci idan an yi ruwa a can sama ko da nan ba a ga hadari ba, muna da madatsun da ake sakin ruwansu, muna kuma da ranar bazara wadda mutumin da ba shi da inuwa ko ruwan sha ba zai daɗe yana jure mata ba.

Tsohon Direban Tifa ya amsa:

Allah gafarta Malam, ban musa lissafinka ba, amma ina tsoron yaran nan su karanta "ba ya wuce ƙugu" su tafi da shi a matsayin lasisi. Na yi shekaru ina ɗaukar yashi daga bakin Challawa zuwa cikin gari, kuma abin da na gani da idona ya sa nake ganin maganar tana buƙatar sharaɗi.

Lissafin ƙugu yana aiki ne idan saman lakar fili ne. Ramukan da ake bari bayan an ɗebe yashi ba haka suke ba. Rami ne mai zurfi, gefensa a tsaye, damina ta zo ta cika ƙasansa da laka mai laushi, sannan ruwa ya kwanta a kai. Idan ruwan ya kai mutum ciki, laka kuma ta ja shi har gwiwa ta riƙe, to ina bakinsa yake? Ba a buƙatar laka ta haɗiye shi, ya isa ta hana shi ɗagowa. Kuma wanda yake cikin ruwa har ƙirji ba shi da inda zai kwanta rigingine a shimfiɗa masa kara. Akwai wani yaron mota da muka yi aiki tare, ya shiga irin wannan rami zai wanke jiki bayan lodi, ruwan bai kai masa ƙirji ba da farko, amma yana motsi yana ƙara yin ƙasa. Allah ya sa akwai masu shebur a kusa, muka jefa masa tayar mota ya rungume, biyu suka nutsa suna tone masa ƙafa da hannu. Da tsakar rana ce babu kowa, da wani labarin ake yi. Ramukan nan kuma ba sa zama wuri ɗaya, inda ka bi bara lafiya bana rami ne.

Na biyu, kududdufan cikin birni. Kakanninmu sun haƙa su ne suna ɗibar ƙasar gini, shi ya sa suke da zurfi, kuma abin da ya taru a ƙasansu shekara da shekaru ba yashi ba ne, dagwalo ne da ruɓaɓɓiyar shara. A ganina wannan bai kai nauyin yashin da Malam ya auna ba, ba zai tallafi mutum kamar yadda ya faɗa ba. Ga kainuwa da leda sukan rufe saman har ya yi kama da tudu, yaro ya bi ƙwallo ya taka. Sau nawa muke jin ma'aikatan kashe gobara na jiha sun je ciro mutum daga kududdufi? Duk mai yaro a kusa da irin wannan wuri, maganar nan ta fi shafarsa fiye da masu zuwa Tiga.

Malamin Kimiyya ya sake amsawa:

Gyaranka daidai ne, Alhaji, kuma na karɓa. Adadin kilo 2 na cakuɗin yashi ne. Dagwalon da yawancinsa ruwa ne da ruɓaɓɓen ganye ya fi kusa da nauyin ruwa, saboda haka mutum zai iya shiga cikinsa fiye da ƙugu nesa ba kusa ba, ga shi kuma ya yi kaurin da ba a iya iyo a ciki. Haka nan wanda ya goyo kaya mai nauyi, ko ya faɗa da ka, ya fita daga lissafin da na kawo.

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Ƙanena, gwiwar da ta yi mako uku tana ciwo bayan an ja ta da ƙarfi tana buƙatar a duba ta a asibiti, musamman idan tana kumbura ko kana jin tana gocewa idan ka taka. Jijiyoyin da suke riƙe gaɓar sukan yage a irin wannan ja, kuma tausa ba ta gyara su. Kada ka hau dutse da ita kafin a gani.

Sannan duk wanda ya fito daga laka ya wanke ƙafarsa da ruwa mai tsabta da sabulu ya duba ta sosai, domin kwalba ko ƙarfe ko ƙaya sukan yanki mutum a ciki bai ji ba, ƙwayar cutar tetanas kuma a ƙasa take zaune. Idan akwai rauni kuma an daɗe ba a yi allurar rigakafinta ba, a je a yi a ranar. Ruwan da yake kwance a bakin madatsu da magudanan ban-ruwa yana iya ɗauke da tsargiya, wadda take shiga ta fata ba sai an sha ba, kuma alamarta kan ɗauki makonni kafin ta bayyana. Wanda ya ga jini a fitsari ya faɗa wa likita cewa ya shiga irin wannan ruwa, maganinta yana nan. Wanda kuma ya yi sa'o'i laka tana matse masa ƙafa, ko ya fito yana tafiya da kansa, a kai shi asibiti, domin naman da ya daɗe a matse yana iya sakin abin da zai taɓa ƙoda. Yayin da ake ƙoƙarin ciro shi a riƙa ba shi ruwa yana kurɓa, a yi masa inuwa da zane ko lema, wani kuma ya kira lambar gaggawa ta 112 tun da wuri, ba sai an gaji ba.

Ɗan Gwammaja ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba, Malam, Alhaji da Anti. Gobe in sha Allahu zan je a duba gwiwar. Na tura wa 'yan tawagarmu duk abin da kuka rubuta, kuma waɗanda suka ja ni sun ba ni haƙuri. Abin da ya rage shi ne Tiga: wasu sun ce mu fasa, wasu sun ce tunda babu kogi mai gudu a inda za mu, babu matsala. Baba, me ka gani?

Manomin Kura ya sake amsawa:

Ba sai kun fasa ba, ɗana, amma masu cewa babu matsala su ne ba su san wurin ba. An gama madatsar Tiga tun 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ka ga shekara 50 ke nan da ɗoriya ruwa yana kawo laka yana ajiyewa a inda ya tsaya. Idan rani ya yi nisa ana sakin ruwa domin gonakinmu, tafkin yakan ja da baya ya bar fili mai faɗi, shimfiɗaɗɗe, mai kyan gani, wanda yake kiran mutum ya taka ya je bakin ruwa ya ɗauki hoto. Wannan filin ɗan'uwan wanda ya kama ka ne, kuma ya fi muni a lungunan da rafuka suke shigowa.

Da ɗan gari akan ci gari, saboda haka da kun isa ku nemi masunta ku tambaye su ta inda suke sauka zuwa kwale-kwalensu, ku bi nan, ko ku bi burtalin da shanu suke zuwa shan ruwa. Na gaba ya riƙe doguwar gora yana caka ƙasa kafin ya taka. Idan ta shige da sauƙi ko ta fito da baƙar laka mai wari, a sauya hanya. Ku bar tazara a tsakaninku, kada ku tafi a dunƙule kamar masu rakiyar amarya, domin idan ɗaya ya burma sauran su kasance a kan tudu. Ku kwance maɗaurin jaka na ƙugu kafin ku shiga wurin da kuke shakka, ku sassauta igiyar takalmi yadda ƙafa za ta iya zamewa ta bar shi, kuma dogon takalmin roba da wasu suke ganin shi ne maganin taɓo ya fi kambas kamuwa idan laka ta wuce bakinsa. Ku tafi da igiya, ba domin ja ba, domin wanda ya riga ya saki ƙafafunsa ya kama ya jawo jikinsa a kwance zuwa tudu.

Idan kuma ka sake bi ta Tamburawa, ka nemi dattijon nan ka kai masa goro, ka tambaye shi sauran wuraren da ba a takawa a wannan gaɓar, domin shi ya san na bana.